Jan Biro a Katin Hansai

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna ba wa naku 'ya'yan labarin yadda na riƙe Gwaggo Hansai. Kukan ce shekara da shekaru ban taɓa barin wata ya mutu ban kai mata maganinta har ɗaki ba, ko ana ruwa ko ana rana. Gaskiya ne, na kai. Amma daga tsakiya kuka ɗauko labarin, ni kuma na ƙyale ku a haka saboda tsakiyar ta fi daɗin ji. Yanzu da ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara bin sahunta, a soro nake wuni ina kallon lungu, sai dai sau da yawa ba masu wucewa nake gani ba. Wata 'yar taga nake gani mai ƙarfe uku a tsaye, hasken hantsi yana zubowa ta cikinta yana kwanciya a kan kwalabe. Daga can ya kamata a fara.

Asibitin unguwarmu na gindin Goron Dutse na sha-ka-tafi ne, ɗaki uku da rumfar kwano, benci biyu na mata, ɗaya na maza. Da shara na fara aiki a wurin. Bokona bai wuce firamare ba, amma ina iya karanta sunan da ke jikin kwali, kuma ba ni da mantuwa. A wancan zamanin magani kyauta ne, haka aka ce, haka ma aka rubuta a jikin bango. Sai dai babu shi. Mutum zai zo tun da sassafe, a duba shi, a rubuta masa, ya miƙa katinsa ta taga, a mayar masa da kalma ɗaya, babu. Daga nan sai kemis in yana da hali, in ba shi da shi sai gida. Ina tuna kantocin ɗakin maganin nan, dogaye, farare, ba komai a kansu sai yanar gizo da kashin ɓera. In na gama shara nakan jera kwalaben da ba komai a cikinsu, manya a baya, ƙanana a gaba, don kawai kada ɗakin ya yi kama da gidan da aka tashi. Ba wanda ya sa ni. Ni dai ba na son ganin wurin tsirara.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, aka zo da sabon tsari. Malam Sule, shugaban asibitin, wani dogon mutum mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube, shi ya yi wa unguwa bayani a ƙofar gidan mai unguwa bayan La'asar. Ya ce za a zuba mana magani sau ɗaya, cike da ɗaki, daga nan kuma ruwanmu. Za a riƙa sayarwa da rahusa, ƙasa da kuɗin kemis, abin da ya taru a koma a sayo wani, kamar yadda manomi ke ware iri kafin ya fara ci. In muka cinye irin, ba mai sake zuba mana.

Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "To wanda ba shi da ko sisi fa, Malam? Ya je ya mutu?"

Malam Sule ya ce, "An ware masa kasonsa, Baba. Ba yawa, amma an ware. Abin da ke damuna shi ne wa zai gane shi. In aka ce a kawo takarda, mai kunya ba zai kawo ba, marar kunya zai kawo goma."

Mai unguwa ya waiga, idonsa ya faɗa kaina ina tsugune a gefe. Ya ce, "Ga Ado nan. A lungun nan aka haife shi. Ya san gidan da ake ɗora tukunya, ya san gidan da hayaƙi kawai ake tayarwa don maƙwabta."

Haka na bar tsintsiya na koma bayan taga. Aka ba ni jan biro guda ɗaya. Duk wanda na ja wa layi a kusurwar katinsa, zai karɓi maganinsa ya tafi, ba tambaya, ba takarda, na bayansa a layi ma ba zai san abin da ya faru ba. Aikin ke nan, bai fi haka ba.

Ranar da maganin ya iso, motar ba ta iya shiga lungu ba, a ka muka yi ta jido. Har yau in na lumshe ido ina jin ƙamshin sababbin kwalayen nan. Na jera su da hannuna, na zazzaɓi a dama, na tari a sama, ruwan maganin yara ja da ruwan ɗorawa a inda rana ke bugawa da safe, sai ɗakin ya koma kamar an rataye masa duwatsun wuya. In an tashi aiki ba na tafiya nan da nan. Nakan zauna a kan kujera ni kaɗai, hadari yana haɗuwa a bayan dutse, tattabaru suna kuka a kan kwano, ina bin kantocin da ido ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa mallakar wani abu cikakke a rayuwata ba, ko buhun gero ban taɓa saye sai awo-awo. Ga shi yau an ba ni ɗaki cike. Na so kantocin nan, 'ya'yana, irin son da bai kamata a yi wa katako ba. Duk layin da na ja da jan biro, sai in ji kamar na cire haƙori ɗaya a bakin ɗakin. Malam Sule ya taɓa ce min, don a yi aiki da biron aka ba ni shi, amma in sani kowane layi kwali ne da ba zai dawo ba. Rabin maganar na ƙarshe kaɗai ya zauna min.

To, Hansai. Ku kun san ta a zaune, ba ta magana. Ba ku san wadda na sani ba. 'Yar ƙanwar mahaifina ce, ta girme ni da shekara biyu, gida ɗaya muka tashi. Ita 'yar mace, ni ɗan namiji, wato taubasai, abokan wasa tun daga haihuwa har kabari. Kun san wasan taubasai, amma ba ku ga namu ba. Ita ce ta raɗa min Kunnen Faranti, sunan ya bi ni har makaranta. Kowannenmu yana cewa ɗayan bawansa ne, amma ita in ta faɗa sai ka ji kamar da takarda ta saye ni. Ranar da aka kawo mahaifiyarku, Hansai ta tare 'yan kawo amarya a soro ta ce su ba wa yarinya haƙuri, gidan ba a samu wanda ya fi wannan ba. Shekara arba'in ban taɓa kayar da ita ko sau ɗaya ba. In na shirya magana tun daga gida, kafin in buɗe baki ta riga ta mayar min da biyu. Kuma shekara arba'in ba mu taɓa yin magana miƙaƙƙiya ba, ni da ita. Ko ranar da mahaifina ya rasu, zuwa ta yi ta zauna kusa da ni, ta ce, "Share hancinka, bawa, mutane na kallo." Ta'aziyyarta ke nan, kuma na gane ta sarai. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce muku ban iya jin abin da ke ƙarƙashin wasanta ba. Na iya.

Mijinta, Malam Inuwa, marini ne a Ƙofar Mata. A shekarun nan rini ya ja baya ƙwarai, atamfar kanti ta cika kasuwa, ramuka da yawa an daina kula su. Kullum zai fita da safe, ya dawo da yamma hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, aljihu kuwa yadda ya fita. Gidansu tsohon gida ne mai kyakkyawan soro, wanda ya wuce ta waje zai ce akwai. Ita kuma kitso take ɗan yi a cikin gida. Duk wannan na san shi, don shi ma aka ba ni biron.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ƙasa tana ƙamshi, rumfa cike da mata, sai na ji turare ya riga mai shi isowa taga. Na ɗaga kai, Hansai ce cikin leshi ruwan hoda, mayafi mai duwatsu, 'yan kunne na gwal suna lilo. Malam Sule ya auna ta ya ce hawan jini ne, ya hau sosai, ƙwaya ɗaya kullum, ba fashi, har iyakar rai. Ta turo katin ta ƙarƙashin ƙarfe.

Ta ce, "Kai bawa, tashi ka gaida uwar ɗakinka."

Na ce, "Wa nake gani haka? Hajiya, ɓatan hanya kika yi? Nan asibitin talakawa ne."

"Talakawan na zo dubawa, in ga ko ana ba su abinci. Na ga kai ba a ba ka, kunnuwan ne kawai ke ƙara faɗi."

Benci ya kwashe da dariya, kamar kullum. Ta jira ta lafa, sannan ta ɗan matso.

"Zuba min na wata guda. Kuma ka ja min jan nan naka da ake faɗa. Ni ba na biyan bawana."

Dariya take, amma na ga babban yatsanta a gefen katin, ta danne shi har farcen ya yi fari. Na gani. Leshin ma na san ba nata ba ne. Wace mace ce a cikin birni za ta fita asibiti da zanin gida? Wadda ba ta da shi aro take yi a maƙwabta, kowa ya san haka, ba abin magana ba ne. Biron yana aljihun gaban rigata, ina jin sa a ƙirjina. Sai wata magana ta zo min, cikakkiya, irin wadda na yi shekaru ina nema.

Na ɗaga murya na ce, "Jan biro, da gwal a kunne? So kike a kore ni? Cire ɗan kunne ɗaya ki ajiye, in ba ki na shekara, ki tafi kina karkata."

Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya, har bencin maza. Wata tsohuwa tana tafa hannu tana cewa yau Ado ya rama. Karo na farko ke nan a rayuwata da aka yi dariya a gefena ba a gefenta ba. Hansai ta kwance haɓar zaninta, ta biya.

Ta ce, "Za ka zo gidana neman tuwo, Kunnen Faranti. Za ka gani."

Ta tafi turarenta yana binta. Ni kuwa ranar kamar ba a ƙasa nake tafiya ba. Na maimaita wa abokaina maganar a bakin masallaci, na maimaita a gida, har na ƙara mata gishiri.

Da wata ya zagayo ta dawo, leshin dai shi ne, amma babu 'yan kunnen. Ta turo kati ta ce na kwana goma zan ba ta.

Na ce, "Sauran ashirin ɗin fa?"

"Hutu na ba wa ciwon. Shi ma yana da iyali."

"Malam Sule ya ce ba a tsallakewa."

"To ja min jan mana."

"Roƙe ni da kyau. Ki ce ranka ya daɗe."

"Ni in ce wa bawana ranka ya daɗe? Gara jinin ya hau har kan Dala."

Aka yi dariya, na ƙirga mata ƙwaya goma a 'yar leda, ta ɗaure a mayafi ta juya. Ina kallonta ta ƙarafunan taga har ta sha kwanar lungu, tana tafiya a hankali, tana bin inuwar katanga.

Bayan 'yan kwanaki na dawo gida cin abincin rana, mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta ajiye min kwano ba ta tashi ba. In ta yi haka akwai magana.

Ta ce, "Malam, Hansai ta zo ɗazu. Ta yi ta ba mu dariya, amma sau biyu ina ganin tana dafe ƙeya. Na dama mata fura, ta sha kamar wadda ba ta karya ba. Leshin nan da kake ta ba da labari na maƙwabciyarta ne. Ni kaina na taɓa zuwa bikin suna da shi."

Na ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"In da gaske take, ta faɗa da gaske. Ai tana da baki, kowa ya shaida."

Mahaifiyarku ta dube ni. Ta ce, "Wa za ta faɗa wa da gaske? Kai? Da wani bare ne a tagar nan, da tuni ta sunkuyar da kai ta faɗa masa. Kai ne ba za ta iya ba, kuma ka san haka."

Na ce mata aikin gwamnati ba na mata ba ne, ta kawo min ruwa. Ta tashi ta kawo.

Ga abin da nake so, tunda yau ranar faɗa ce. So nake sau ɗaya tak Hansai ta tsaya a gabana, ba dariya, ta ce, Ado, ba ni da shi. Ban yi niyyar hana ta ba, Allah shaida ne. Biron a shirye yake. Har amsar da zan ba ta na tanada, zan ce, haba Hansai, ai da kin faɗa tun farko. Har fuskar da zan yi na gwada a raina, fuskar babban mutum mai sauƙin kai. Nakan zauna da yamma a ɗakin maganin ina kallon yadda abin zai kasance, ita a waje, ni a ciki, hannuna yana jan layin a hankali. Na ɗauka wasa ne muke ci gaba da yi, irin wanda muka saba, kuma a karon farko ni ke gaba. Na manta ita da jininta take buga nata.

Wata na uku ba ta zo ba. Na lura, amma a satin ne manya suka zo duba asibitoci. Suka buɗe ɗakina suka tarar da shi cike, suka tarar kason marasa hali ko rabinsa ban taɓa ba. Suka ce a wasu unguwannin kantoci sun fara komawa yadda suke a da, mu kuwa abin koyi ne. Aka kira sunana a gaban mutane, aka ba ni agogon bango. Da suka tafi Malam Sule ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon rumfa.

Ya ce, "An yabe mu, amma ni ban ji daɗi ba. Unguwar nan ba ta yi arziki a 'yan watannin nan ba, Ado. Ina mutanen?"

Na ce, "Ba su zo ba, Malam."

Ya ce, "To."

A ƙarshen damina ne, lokacin da ɗanyar gyaɗa ta cika gari. Wata rana kafin Azahar Hansai tana jan ruwa a rijiyar gidansu, guga ya suɓuce, ita ma ta bi ƙasa. Aka kai ta babban asibiti. Da aka dawo da ita bayan makonni, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta tafi ɗungurungum. Na shiga duba ta. Ɗakin da duhu-duhu, ƙamshin man zafi, ita tana kwance fuskarta ta karkace gefe guda. Malam Inuwa ya taso ya kama hannuwana da nasa shuɗɗan hannuwan, yana girgizawa.

Ya ce, "Malam Ado, Allah ya saka da alheri. Ta gaya min tun farko kyauta kake ba ta, ko kwabo ba ka taɓa karɓa ba. Kai dai ka yi naka. Ƙaddara ce kawai."

A kan 'yar kujera kusa da gadon akwai wani ƙaramin kwano a buɗe. Na leƙa. Ƙwayoyin nan ne da na ƙirga mata, an yanyanka su da reza, wasu rabi, wasu kashi huɗu, har garin da ya zube an tattara shi an ƙulle a 'yar takarda. Na kwana goma ta ja shi ya fi wata biyu. Na ɗago, idonta yana kaina. Mijinta yana riƙe da ni, 'yan dubiya suna jira in amsa.

Na ce, "Ba komai, Malam. Ai zumunci ne."

A gabanta na faɗa. Kunnenta bai shanye ba, ta ji. Daga ɗakin nan ne sunan da kuka gada ya fito, Ado mai zumunci, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Washegari na nemo katinta na ja layin. Hannu ɗaya, bai ɗauki numfashi guda ba. Daga ranar kuma sai na kasa tsayawa. Duk wanda ya turo kati ya ɗan yi jim, sai in ja. Duk macen da ta yi dariya a taga, sai in ga kamar ɓoye wani abu take, in ja. Labari ya bazu, masu hali ma suka koyi yin jim. Kantocin suka fara washewa, na ga suna yi ban damu ba, har wani sanyi nake ji in na ga gurbi. Da damina ta dawo, sauro ya yi yawa, maganin zazzaɓin yara ya ƙare, abin da za a sayo wani kuma bai taru ba. Wata mata ta zo tun daga Gwammaja, don ta ji an ce namu ba ya yankewa, da 'yarta a goye jiki kamar garwashi. Da bakina na ce mata babu. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta ji ba, sannan ta gyara goyo ta tafi. Ban san sunanta ba, ban san abin da ya samu yarinyar ba. Ita ma tana cikin abin da nake gani in ina zaune a soro.

Malam Sule ya kira ni ɗakinsa, ya miƙo hannu, na ciro biron na ba shi.

Ya ce, "Da ka riƙe ya yi yawa, yanzu ka saki ya yi yawa. Duka biyun ba don marasa lafiya ka yi ba, Ado. Don kanka ka yi."

Aka damƙa biron a hannun tsohuwar ungozomar unguwa da wasu dattawa biyu, su yi shawara tare. Ni na koma tsintsiyata. Sai da aka fi shekara kafin ɗakin ya sake cika. Har yau nakan ji masu ilimi a rediyo suna musu, wasu su ce a biya don kada magani ya yanke, wasu su ce biyan ne ke korar wanda ya fi buƙata. Ni da na tsaya a tagar na ga duka biyun da idona, kuma ban san yadda za a raba gardamar ba, ta fi ƙarfin karatuna. Abin da na sani shi ne, a maganar Hansai tsarin bai gaza ba. Kasonta yana nan a kan kantar ɗakin magani, a ware, da sunan irinta. Maganin da kuka ga ina kai mata duk wata ma ba da kuɗina ba ne, nata ne tun asali. Ɗauka kawai nake yi.

Shekarun da suka biyo baya sun haɗe min wuri ɗaya, kamar yini guda mai tsawo. Ana fito da ita tsakar gida ƙarƙashin bishiyar goba, a jingina ta da matashi. In na shiga nakan fara tsokana, don ban san wata hanyar yi mata magana ba. In ce, tsohuwa, har yanzu ba ki tashi kin gaida ubangidanki ba? Sai in jira. Bakinta ya motsa, ya motsa, ba abin da ya fito. A hankali na koma ba wa kaina amsar, ina kwaikwayon muryarta, ina zagin kaina da irin zagin da za ta yi. In na dace ta yi dariya da rabin fuska. In ban dace ba ta kawar da kai, wato ban kai ba. Yawanci ban kai ba.

Bayan rasuwar Malam Inuwa, wata ranar Alhamis da La'asar sakaliya, na kai mata magani na tarar ba kowa a tsakar gida sai ita, 'yarta tana ɗaki tana sallah. Hadari ya taso daga gabas, iska tana kaɗo ganyen goba, ga bahon wanki a gefenta cike da ruwan kumfa. Ban zauna a kujera ba, a ƙasa na zauna, dab da ƙafarta.

Na ce, "Hansai, yau ba wasa na zo ba."

Ta juyo da ido.

Na ce, "Na san leshin na aro ne. Na ga yatsanki a kan katin. Na san ba ki da shi, tun ranar farko na sani. So nake ki roƙe ni, shi ke nan dalilin, babu wani. Kuma na karɓi godiyar mijinki a gabanki. Ki yafe min, ko kada ki yafe, amma na faɗa."

Muryata ta yi min baƙo a kunne, don ban taɓa yi mata magana da ita ba. Ta ɗaga kai tana kallon sama, ta daɗe, har na ɗauka hankalinta ya tafi wani wuri. Iska ta tsaya. Sai ta miƙo hannunta na hagu a hankali, na sunkuyar da kai ina jiran ko mari ne ko dafawa. Ta cire hulata, ta jefa ta cikin bahon wanki.

Ta yi dariya, irin ta rabin fuskar nan, kafaɗarta ɗaya tana girgiza. Hawaye yana zuba, amma idon nan na dama tun can kullum cikin ruwa yake tun da ta faɗi, ba a gane komai da shi. Sannan ta kama hannun rigata ta riƙe, ta ƙi saki, har ruwa ya fara sauka a kanmu ɗigo-ɗigo, 'yarta ta fito da gudu tana salati ta ɓamɓare yatsunta don a shigar da ita ɗaki.

Na tsamo hular na matse, na sa ta a jiƙe, na bi lungu zuwa gida ruwan kumfa yana gangaro min ta wuya. Na yi ta juya abin a hanya, har yau ina juya shi. Wata rana in ce yafiya ce, ta mayar da ni inda muke tun muna yara. Wata rana in ce ƙi ta yi, ta nuna min ko yanzu ba zan samu miƙaƙƙiyar magana daga gare ta ba. Ban sake tambayarta ba. Ta rasu kafin wata daminar. Amsar da na samu ke nan, kuma da ita zan je in tarar da ita.